Tambayi Sista: Wa ke da ikon sa hannu, mai ciwo ko maigida?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan watan kusan duk waje ɗaya suka karkata, wato zaman da ake yi tsakanin nas da majinyaci da 'yan jinya, wa ke da haƙƙi akan wa. Kamar kullum na cire sunaye da sunan asibiti, garin kawai na bari.

TAMBAYA: Anti Sista barka da aiki, dan Allah ki amsa min wannan. Yayata ce tayi doguwar naƙuda, tun dare muka kaita asibiti, da asuba likita yace yaron ya gaji sai anyi mata aiki, mijinta direban babbar mota ne yana hanyar Legas wayarsa bata shiga, ita tana ta cewa ayi min ayi min amma ƙanin mijin yace ba mai taɓa matar yayansa sai ya dawo, mu kuma muka tsaya kallon juna, sai wajen azahar aka samu mijin ya yarda. Ita ta tashi alhamdulillah amma yaron bai zo da rai ba. Shin dole ne sai miji ya sa hannu? Kuma nas ɗin da suka tsaya jira suna da laifi? Daga wata 'yar uwa a Funtua.

AMSA: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ƙanwata Allah ya baku haƙuri, ya sa mai ceto ne, ita kuma Allah ya bata lafiya ya mayar mata da alheri.

Amsar tambayarki ta farko a'a ce, ba dole bane. Mace baliga mai hankali, tana ji tana gani, ita ke sa hannu a takardar tiyatarta, in bata iya rubutu ba ta dangwala yatsa a gaban shaida, shikenan an gama. Ƙanin miji kuwa bashi da ta cewa ko kaɗan a dokance. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 23, cewa tayi ma'aikacin lafiya ya sanar da mai ciwon kansa halin da yake ciki, hanyoyin maganin da ake da su, amfaninsu da haɗarinsu da kuɗinsu, da kuma cewa yana da ikon ƙi, kuma a gaya masa da yaren da yake ji. Mai ciwon akace, ba dangin mijinta ba. Kotun Ƙoli ma ta taɓa yanke hukunci a 2001 a shari'ar wani likita, Dakta Okonkwo, wanda majinyaciyarsa taƙi ƙarin jini saboda aƙidarta har ta rasu, kotu tace babba mai hankali shi ke da iko da jikinsa. To wadda doka ta baiwa ikon cewa a'a, ai ita ta baiwa ikon cewa eh.

Sai kice to me yasa ake jiran miji? Dalilan sananne ne ga duk wanda yayi aiki a ɗakin haihuwa. Shi zai biya kuɗin aiki, shi zai kawo masu bada jini, sannan akwai tsoro, ma'aikata na tsoron in abu ya ɓaci azo a tada musu hankali, wani lokacin ma matar ce da kanta zata riƙe hannunki tace sista ki jira shi kar ya sake ni. Duk gaskiya ne, kuma neman yardar miji in yana kusa abu ne mai kyau, yana kawo zaman lafiya a gida, mu ma muna so. Amma al'ada ce da kyautatawa, ba sharaɗi ba, kuma in rai na cikin haɗari ba'a tsayawa jiran waya ta shiga.

Mutane basu san abinda jiran nan yake yi a cikin jiki ba shiyasa suke ganin awa biyar awa shida ba komai bane. In kan yaro ya maƙale a ƙugu, yana danne mafitsara ne a jikin ƙashi, jini ya daina zuwa wajen, naman ya mutu, bayan kwanaki ya ɓule, shine yoyon fitsarin da ake ta kai mata asibitin Babbar Ruga a Katsina dominsa. Mahaifa na iya fashewa, shi kuma yaro iskar da yake samu tana raguwa da kowace naƙuda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a shekarar 2020 mata kusan 82,000 ne suka mutu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya, kuma jinkirin yanke shawara yana cikin manyan abubuwan da ke jawo haka.

Maganar laifin nas ɗin, bazan yanke musu hukunci da jin ɓangare ɗaya ba, amma zan gaya miki abinda aikin ya ɗora mana. Nas ita ce mai tsayawa majinyaci in muryarsa tayi rauni. Kamata yayi ta fitar da kowa, ta ja labule, ta sunkuya daidai kan matar tace mata Hajiya kinji abinda likita yace, ga abinda za'ayi, ga abinda ka iya faruwa in anyi, ga abinda ka iya faruwa in ba'ayi ba, kin yarda? In tace eh a kawo fom ta sa hannu, a samu shaida, a rubuta lokaci a fayil. In wani ya tare ƙofa a kira matiran, wato shugabar nas, a kira babban likita, a kira masu gadi in ta kama. Wlh sau da yawa ɗan uwan da yake ta kumfar baki tsoro ne ke damunsa, baya so ace shi ya bada izini, da zarar ance masa ba sa hannunka ake nema ba nata ne, sai kiga ya ja gefe yana Allah ya sauwaƙe.

Kuma abin yana da wani gefen da bana so a manta. Sa hannu ba tare da fahimta ba ba yarda bace. Mutanen Kano basu manta 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana, yara kusan 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba'a gaya musu gwaji ake yi ba, shari'a tayi ta ja har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 akan dala miliyan 75. Rashin yardar da abin ya bari yana cikin abubuwan da suka sa mutane gudun allurar shan inna a 2003. Shiyasa nake jin zafi in naga an miƙa wa baƙauyiya takarda da Turanci ance dangwala nan kawai.

Shawarata ga duk mai ciki, tun a awo ki zauna da maigida ku gama wannan maganar, musamman in matafiyi ne. Ya faɗa a gaban mahaifiyarsa da ƙannensa cewa in likita yace aiki ayi kar a jira shi, a san wa zai bada jini, a ware ɗan abinda ya samu. Tun ƙarshen 2024 ma ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a asibitocin da aka tantance, ki tambaya a wajen awonki ko suna ciki.

TAMBAYA: Sista ni nas ce, ban daɗe da fara aiki ba, kuma a garinmu aka turo ni. Goggona ce ta sani gaba wai sai na duba mata fayil ɗin matar ɗanta, tana zuwa awo a wajenmu, wai taga tana ramewa tana ɓoye wani magani a jaka, so take ta san ko kanjamau ce. Nace bazan iya ba tace na zama baturiya na manta zumunci, har ta kai ƙarata wajen mamana. Ya zanyi? Daga wata nas a Azare.

AMSA: 'Yata kin yi daidai kuma ki dake. Kar ki buɗe fayil ɗin ma ke kaɗai, ko da niyyar ki gani kiyi shiru, domin in ba kece ke kula da ita ba bakida hurumin karanta shi, kuma in kin gani fuskarki zata faɗa ranar da kuka haɗu a biki.

Sashe na 26 na waccan dokar ta 2014 yace duk bayanin majinyaci sirri ne, ciwonsa, maganinsa, har kwanciyarsa a asibiti. Ba'a fitar da shi sai shi ya yarda a rubuce, ko kotu ko doka ta buƙata, ko yaro ne iyayensa suka nema, ko kuma ɓoyewar zata jefa jama'a cikin babban haɗari. Suruka bata cikin lissafin nan. Akwai kuma dokar hana tsangwamar masu HIV, ita ma ta 2014, da ta hana tona matsayin mutum ba da yardarsa ba. Sannan Hukumar Kula da Ma'aikatan Jinya da Unguwarzoma ta Najeriya, wadda ta baki lasisi kike sabuntawa duk shekara uku, tana da kwamitin ladabtarwa da zai iya dakatar dake ko ya goge sunanki. Goggo bazata biya miki wannan asarar ba.

Amma ki ajiye doka ma, ki duba garin. Ƙaramin gari ne kowa ya san kowa, ranar da akaji 'yar gidan wane tana kwaso labarin awo tana kaiwa gida, mata zasu daina zuwa, masu shan magani zasu koma karɓa a wani gari ko su daina sha gaba ɗaya, kuma wanda zai fi cutuwa jinjirin da ke ciki ne, domin maganin da uwa ke sha shi ke kare shi. Magana zarar bunu ce. Kuma ƙila ma maganin ƙarin jini ne yarinyar ke ɓoyewa saboda an takura mata da sa ido.

Na san abinda zaki ce, to in gaske ne fa, ɗan goggo fa? Akwai hanyarsa kuma ba ta bakinki bace. Masu bada shawara a asibiti aikinsu kenan, su zauna da mutum su lallashe shi ya gaya wa abokin zamansa, su taimaka masa wajen faɗa, su gayyato ma'auratan ayi gwaji tare. In shi ɗan yana da shakka ƙofar gwaji a buɗe take, kyauta ne a yawancin asibitocin gwamnati. Kano ma ta kafa dokar gwajin kafin aure a 2024, duk dan a san juna ta hanyar da ta dace.

Sirri da 'yancin majinyaci suna da iyaka, amma iyakar mai nauyi ce. Misalinta shine 2014 a Legas da Patrick Sawyer ya shigo da Ebola daga Laberiya ya dage sai ya fita daga asibiti, Dakta Ameyo Adadevoh ta hana, ta sanar da hukuma, ita da wata nas Justina Ejelonu suna cikin waɗanda suka rasa ransu, cutar ta tsaya bayan ta kama mutum 20. Wannan shine haɗari ga jama'a, kuma hukumar lafiya ake gayawa. Son sanin suruka bai kai nan ba.

Ki samu mamanki ki mata bayani cikin ladabi, kice Mama in da fayil ɗina ne wata ta ɗauka ta kai wa surukata zaki so? Ki barta ita taje ta ji da goggo, manya sun fi jin maganar junansu.

TAMBAYA: Ana yawan ganin nas suna ɗaukar bidiyo a wajen aiki suna sawa a TikTok, wani lokacin har da jarirai. Ya halatta? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Malam in dai akwai majinyaci a ciki ba da yardarsa ba, bai halatta ba, ko an rufe fuska, domin zanen da ta ɗaura ko muryar mai jinyarta ya isa 'yan unguwa su gane ta. Jariri kuma sai iyayensa sun yarda. Guruf ɗin WhatsApp na 'yan aji ma ba wajen tura hoton ciwon mutum bane. 'Yan jinya suma su kiyaye, masu ɗaukar ɗan uwansu yana kan gado sai su haɗo da na gadon kusa tsirara.

TAMBAYA: Anti ni haihuwata uku, biyu a asibiti, ta ukun na ƙi zuwa nayi a gida saboda abinda akayi min. Ina cikin ciwo wata ta daka min tsawa wai da kike jin daɗinki ina nan, har da mari a cinya. Yanzu inada ciki kuma inada hawan jini, mijina yace sai asibiti ni kuma gabana faɗuwa yake. Wai haka ake koya musu ne? Daga wata uwa a Gusau.

AMSA: 'Yar uwa ba haka ake koya mana ba wallahi, kuma abinda akayi miki zalunci ne, kiyi haƙuri. Babu littafin jinya da yace a daki mai naƙuda. Ƙa'idar Majalisar Ma'aikatan Jinya ta Duniya, wadda aka fara rubutawa a 1953 aka sabunta a 2021, akan mutunta ɗan adam ta ginu, kuma mu musulmi muna da Rufaida Al-Aslamiyya da ta kafa tanti a Madina tana jinyar raunanan sahabbai, har Sa'ad bin Mu'az a tantinta akayi jinyarsa bayan yaƙin Khandaƙ. Aikin daga tausayi ya faro.

Wasu a cikinmu zasu ce ai in ba'a tsawata ba mace sai ta matse ƙafa ta kashe yaro. Ban yarda ba. Akwai magana da ƙarfi, ki kira sunanta, ki kalli idonta, kice yanzu ne, yi nishi, kai ya fito saura kaɗan, mace zata bada haɗin kai. Zagi kuwa tsoro yake ƙara mata jikin ya ƙara ɗaurewa. Kuma ga sakamakon nan a wasiƙarki, mai hawan jini tana tunanin haihuwa a gida, kenan marin nan bai ƙare a ranar ba.

Zan faɗi ɗaya gefen dan a san daga ina abin yake tasowa, ba dan in wanke kowa ba. Akwai daren da unguwarzoma ɗaya ce akan mata masu naƙuda da yawa, ba wuta sai fitilar waya a baki, ba safar hannu sai an aika kemis, albashi bai kai ko'ina ba. A farkon 2024 shugaban hukumar jinya ya faɗa cewa nas sama da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, nauyinsu kuma kan waɗanda suka rage ya koma. Ga 'yan jinya masu zagi har da kai hannu, alhali waccan Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta baiwa ma'aikaci ikon ƙin duba wanda ya zage shi ko ya dake shi, in dai ba mai taɓin hankali bane. Gajiya gaskiya ce, amma mai naƙuda ba ita ta hana ɗaukar ma'aikata ba, bai kamata a huce akanta ba.

Ke dai dan Allah kar ki haihu a gida. Hawan jini a ciki yana iya juyewa jijjiga cikin ƙanƙanin lokaci, allurar da ake tsayar da ita kuma a asibiti take. In kika ji ciwon kai mai tsanani, ko gani ya dushe, ko fuska da hannu sun kumbura, ko ciwo a saman ciki, ki tafi a lokacin ko tsakar dare ne. Tun yanzu a awo ki nemi ganin shugabar ɗakin haihuwa ki gaya mata abinda ya faru dake da tsoron da kike ji, ki tafi da mace babba mai natsuwa ranar haihuwa, in akwai wani asibitin kusa kina da ikon canzawa. In aka sake, ki riƙe rana da lokaci ki kai ƙara ofishin matiran ko teburin SERVICOM, masu karɓar koken jama'a, a asibitocin tarayya. Mata da yawa suna cewa na barta da Allah, amma ƙarar ita ke kare wadda zata hau gadon bayanki.

TAMBAYA: Gaskiya ne asibiti bashi da ikon korar wanda yayi hatsari dan ba'a ajiye kuɗi ba? Daga wani ɗan acaɓa a Zariya.

AMSA: Gaskiya ne ɗana. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana ƙin bada taimakon gaggawa bisa kowane dalili, wanda ya saɓa tarar naira 100,000 ce ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba ko duka biyun. Wanda aka harba ma akwai dokar 2017 da tace a fara duba shi ba sai an kawo takardar 'yan sanda ba, asibiti ne zai sanar da su daga baya. Ba wai maganin ya zama kyauta ba, a'a, a tsaida jini a ceci rai tukunna sannan ayi maganar kuɗi. Ku da kuke kwaso mutane a titi Allah ya saka muku, kar tsoro ya sa ku bar mutum a kwance.

TAMBAYA: Sista ni ɗaliba ce ina koyon aiki. Naga wata babba ta yiwa majinyaci allurar na gadon kusa da shi, da ta gane sai tace min inyi shiru ba abinda zai same shi, kuma ita ke sa min hannu a littafina. Mutumin bai nuna komai ba har aka sallame shi amma abin ya tsaya min. Daga wata ɗaliba a Sakkwato.

AMSA: 'Yata tsayawar da yayi miki alama ce mai kyau, kar ki bari ta mutu. Kuskure yana faruwa ga kowa a aikin nan, shiyasa ake nanata muku ku duba majinyacin, maganin, adadin, hanyar bayarwa da lokacin kafin ku tsira allura. Ɓoyewar ita ce laifin da ya fi kuskuren girma. Mutum biyu abin ya shafa fa, ɗaya ya samu abinda ba nasa ba, ɗayan ƙila bai samu nasa ba amma a takarda an rubuta ya samu, likita kuma da takardar yake aiki. Kuma ba kowane magani ke nuna illarsa a take ba, wani sai ya taɓa ƙoda a hankali, wani in mutum jikinsa baya karɓarsa cikin mintuna numfashi zai sarƙe.

In ya sake faruwa a gabanki abu na farko majinyacin ne, a duba shi, a gaya wa likita da shugabar ɗaki a take, a rubuta abinda aka bashi da lokacin, shi ma a gaya masa gaskiya. Wannan da ya riga ya wuce, ki samu malamar da makaranta ta haɗa ku da ita a asibitin, ke da ita kawai, ki faɗi abinda idonki ya gani ba ƙari ba ragi, rana, gado, sunan allurar in kin riƙe. Kar ki kai shi guruf, kar ki bada labari a hostal. Ki gaya mata ma cewa matar ce ke sa miki hannu a littafi dan a canza miki wata, wannan haƙƙinki ne kuma makaranta ta san yadda ake yi. Ita malamar zata iya sa a duba fayil ɗin mutumin, in maganin mai buƙatar bibiya ne a kira shi ya dawo a gwada jininsa.